Hancin Turai

Shekara tara Ubale ya yi yana gyaran gas a gidajen Jidda alhali hancinsa ba ya jin wari. A duk birnin mutum ɗaya ce ta san haka, matarsa Turai. Ta rasu ranar wata Talata a farkon 1975, mako biyu bayan alhazai sun watse.

A tashar jiragen ruwa abin ya same shi. Can ya koyi aikin bututu tun yana sabon zuwa daga Sudan, a hannun wani tsoho ɗan Yaman mai yawan zagi da iya koyarwa. Wata rana tsani ya zame da shi a cikin sito, ya bugi ƙasa da ƙeya. Ya kwana uku a asibiti aka ce ya warke. Da ya dawo gida a unguwar Kurayyat, Turai ta ajiye masa tuwo da miyar kuka. Ya kai loma biyu, ya ɗago kai.

"Yau daddawa ta ƙare ne?"

Turai ta dube shi. Daddawar Gadarif ta Sudan ce, wadda maƙwabta ke ji ta bayan katanga. Ta tashi ta ɗauko kwalbar humrarta, ta buɗe, ta kara masa a hanci.

"Me ka ji?"

"Sanyin kwalba."

Ta rufe kwalbar ta mayar. Suka jira wata ɗaya, suka jira shida. Hancin bai dawo ba.

Tashar ba ta sake yarda ya hau tsani ba, saboda jiri. Lokacin kuwa murhun gas ya fara korar gawayi da kananzir daga gidaje, kowa na son sa, kowa na tsoron sa, kuma Ubale ya iya aikin. Sai dai mai gyaran gas kayan aikinsa uku ne: sufana, ruwan sabulu, da hanci. Sabulu yana kumfa ne a inda ka shafa shi kawai. Hanci ne ke gaya maka ko akwai abin nema tun farko.

Turai ce ta yanke shawarar, tana wanke-wanke, ba ta ko juyo ba.

"Gobe zan bi ka."

"Ki bi ni ina?"

"Inda za ka. Ai ɗakin girki wurin mata ne. Ka ce wa masu gida ba ka shiga cikin matan mutane kai kaɗai, shi ya sa kake zuwa da taka."

Ƙaryar ta fi gaskiya kasuwa. Mazan Balad, tsohuwar unguwar cikin gari, suka riƙa faɗa wa juna cewa akwai wani Bahaushe mai tsoron Allah da ba ya shiga gida sai da matarsa. Aka fara kiran sa mu'allim, wato gwanin sana'a. Shi ya ɗaura bututu, ya sa tiyo, ya ɗaure noti, ya shafa sabulu. In ya gama ya buɗe tukunyar gas, sai Turai ta zo bakin ƙofar ɗakin girki ta durƙusa, ta rufe ido. Iskar gas ta fi iskar Allah nauyi, a ƙasa take kwanciya kamar ruwa, don haka a ƙasa ake neman ta. Matan gida ba su san wannan ba. Suna cewa matar mu'allim akwai ladabi, har murhu take durƙusa wa.

Shi kuma, ba tare da ya waiwayo ba, yana goge sufana, sai ya ce, "Kin ji wani abu?"

In ta ce, "Ban ji ba," ya tattara kaya su tafi. In ta ce, "Na ji," sai ta nuna wurin da haɓa, ya sake ɗaukar soso. Masu gida suna ɗauka hirar miji da mata ce.

Bawa mai kawo tukwanen gas a amalanken jaki ba ya ganin su ya yi shiru.

"Ga mu'allim, ga jakar kayan aikinsa mai ƙafa biyu!"

"Kai da jaki kake yawo, shi da ni," in ji Turai. "A tambayi mutane wa ya iya zaɓe."

Zazzaɓin da ya ɗauke ta kwana huɗu ya yi. A rana ta uku, da hantsi, ta riƙe masa hannun riga.

"Ubale, ko ka faɗa musu, ko ka ajiye sufana."

"Ki warke tukuna."

"Ba wannan na ce ba. Kar ka shiga gidan mutane kai kaɗai."

Ya ce to.

Ba su da ɗa, ba su da 'ya. Mutane ne suka cika gidan, daga Kurayyat da Balad, har da matan Larabawa da Turai ta durƙusa a ɗakunan girkinsu. Duk macen da ta leƙa ɗakin mamaciyar ta fito tana share ido sai ta ce masa abu guda: "Allahu akbar, har yanzu ƙamshinta ne a ɗakin." Shi kuma ya gyaɗa kai.

Kwana biyu bayan sadakar arba'in, Bawa ya tsayar da jakinsa a ƙofar gidan da safe, ya buga sufana a jikin tukunya har sai da Ubale ya fito.

"Mu'allim, ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya."

"To ni nawa haƙurin ya ƙare. Hajiya Sharifa ta Balad ta tara mini jama'a jiya. Wai tukunyar da ke mata wata ɗaya yanzu kwana goma sha biyu take yi. Wai ni nake shan gas ɗin a hanya. Na ce Hajiya, da ina shan sa ai da na tashi sama. Na sa mata sabuwa a bakin ƙofa, ta ce ba mai ɗaura ta sai ka zo."

Ubale ya san abin da ke shanye tukunya a kwana goma sha biyu: yoyo. Ya koma ciki ya tsaya a gaban jakar kayan aikin. Ya tuna ya ce wa Turai to. Amma ya gaya wa kansa sabulu ba ya ƙarya, zai shafa sau biyu, zai jira fiye da yadda ya saba. Ba yunwa yake tsoro ba. Abin da ba ya so shi ne durƙuson Turai na shekara tara ya koma abin faɗi a bakin mata, a ce ashe ba ladabi ba ne, rufa wa mijinta asiri take yi. Kuma wannan sirrin ne kaɗai ya rage da yake nasu su biyu.

Ya ɗauki jaka.

Gidan Hajiya Sharifa irin tsofaffin gidajen Balad ne, hawa huɗu na dutsen teku, da tagogin katako da suka leƙo kan lungu. Matattakala ɗaya ce siririya, ɗakin girki kuma can a ƙololuwa. Ita Hajiyar a Jidda aka haife ta, kakanta ne ya zo a ƙafa daga ƙasar Hausa, amma Hausarta tana nan da kaifinta. Ya same ta a hawa na biyu, ta miƙe ƙafafu a kan matashi.

"Ubale, ka rame. Wa ke dafa maka?"

"Maƙwabta."

"Ƙanwata Turai, Allah ya jiƙanta. Kullum in ta shigo sai ta ce mini Yaya, kin cika gishiri a miya, tun kafin ta ɗanɗana." Ta ja hanci, ta goge da gefen mayafi. "Halas, shi ke nan. Gwiwoyin nan ba su hawa sama sai dole. Zakiya za ta tsaya maka. Ai uba kake a wurinta."

Zakiya 'yarta ce, mace mai shekara talatin, mai ɗinkin kayan amare, mijinta yana aiki a jirgin ruwa. Hausa tana jin ta in an yi mata, amma in za ta mayar sai ta lalubo kalmomin ɗaya bayan ɗaya, rabi ta cike da Larabci. Ta sa mayafi, ta bi shi sama, ta tsaya a bakin ƙofa.

Aikin nasa ne, shi ya yi shi shekara shida da suka wuce. Tukunya tana waje, a kan soro, inda iska ke kaɗawa. Daga nan bututun jan ƙarfe ya ratsa bango, ya bi ta cikin kabad ɗin tukwane da aka gina a jikin bangon, ya fito kusa da murhu, inda gajeren tiyo ya haɗa shi da murhun. Ya ɗaura sabuwar tukunya, ya buɗe, ya kaɗa sabulu a kwano, ya fara bi da soso gaɓa gaɓa. Kan tukunya lafiya. Notin waje lafiya. Da ya zo tiyo, kumfa ta taso ta kumbura kamar ƙwan kwaɗo. Robar ta bushe ta tsage.

"Kin gani?" ya ce. "Ga ɓarawon. A wanke Bawa."

Zakiya ta yi dariya a cikin mayafi. "Miskin Bawa. Ummi ta ci shi jiya."

Ya rufe tukunya, ya yanke tsohon tiyo, ya sa sabo. Notin da ke riƙe bakin bututu ya ɗaure shi, sannan ya ƙara masa rabin juyi, don yau ba ya son shakka. Ya sake buɗe tukunya. Ya shafa sabulu a ko'ina idonsa ya kai, ya jira, ya sake shafawa. Babu kumfa. Ya kunna murhu, wuta ta tashi shuɗiya, ya kashe.

Ya ɗauki tsumma yana goge sufana. Bayansa akwai mace tsaye a bakin ƙofa, a daidai inda ya saba. Maganar ta fito kafin ya yi tunani.

"Kin ji wani abu?"

Ta gefen ido ya ga ta janye mayafi daga kunnenta, ta karkata kai wajen murhu, ta yi tsit na ɗan lokaci.

"Ban ji ba, ya Ammi," ta ce, wato baffa.

Fiye da kwana arba'in rabonsa da waɗannan kalmomi. Suka sauka a ƙirjinsa, hannunsa ya tsaya a kan sufana. Ya zuba kayan a jaka ba tsari, ya fita ba ya kallon ta. Yana jin ta tana rufe taga saboda kyanwoyin soro, don akwai kifi a faranti, sannan ta ja ƙofa. A hawa na biyu Hajiya ta ce ya tsaya ya sha shayi, ya ce wani gida na jiran sa.

Ba gidan da ke jiran sa. Ya bi lungu ya faɗa kasuwa, yana tafe ba ya ganin komai, ta cikin masu turare da masu kayan yaji, waɗanda a wurinsa launi ne kawai a buhu. Ya zauna a wani dakali kusa da inda tasi ke tsayawa, ya bar mota biyu suka wuce. Tsallaken hanya akwai mai gyaran agogo a ƙaramin teburinsa. Mutumin ya ɗaura wani agogo, ya kaɗa shi, ya ture gefen rawani, ya kara agogon a kunne, ya karkata kai, ya yi tsit.

Ubale ya kalle shi. Sai ya miƙe tsaye.

Turai durƙusawa take yi. Turai ido take rufewa. Zakiya kunne ta buɗe.

Hausa kalma ɗaya ta ba kunne da hanci. 'Yar da ta tashi da Larabci a baki, in aka ce mata ji, saurare za ta yi. Ya tambaye ta wari, ta ba shi amsar ƙara. Taga a rufe, ƙofa a rufe, tukunya cike, kuma ya fi rabin sa'a a kan dakalin nan.

Ya bar jakar a wurin. Mutum mai shekara hamsin da biyar ba ya gudu a kasuwar Balad ba a kalle shi ba. Ya ture wani ɗan dako, ya sha zagi, takalmi ɗaya ya fita bai tsaya ba. Ƙofar gidan a buɗe take. Ya haura hawa na farko, na biyu, matashin Hajiya na nan, ita ba ta nan. Daga sama yana jin muryarta, tana haki tana faɗa.

"Ɓera ne ya sake mutuwa a bango, na gaya miki. Gas ina? Ai mu'allim ya duba yanzu yanzu. Buɗe mini ƙofar in turara ɗakin, halas."

Tana tsakanin hawa na uku da na huɗu, hannu ɗaya a bango, ɗaya riƙe da kaskon turare na ƙarfe ta mariƙinsa na katako, garwashi ja a ciki. Zakiya tana sama, hannunta a kan ƙofar ɗakin girki. Iskar da ta taru a ɗakin, in an buɗe, matattakalar nan za ta gangaro.

"Kar ki buɗe!" Da Larabci ya faɗa, da duk muryarsa.

Bai tsaya neman mariƙi ba. Ya kama cikin kaskon da hannu ɗaya, ya kife ɗayan tafin a bakinsa don kada garwashi ya zube, ya juya ya sauka. Hawa uku. A na biyu ya fara jin hannuwan, a na farko ya daina. A lungu akwai durom ɗin ruwan maƙwabta, ya tsunduma kasko da hannuwa gaba ɗaya, ruwan ya yi ƙara.

Ya sake haurawa yana riƙe da hannuwansa a gaba kamar mai addu'a. Hajiya ta zauna a kan matattakala, bakinta a buɗe. Ya wuce ta. Duk abin da ya faɗa daga nan da Larabci ya faɗe shi, a gajarce.

"Zakiya, fita soro ki rufe tukunya, zuwa dama, har ya tsaya. Kar ki taɓa makunnin lantarki, ko kunnawa ko kashewa. Ba ashana a gidan nan yau. Yanzu buɗe ƙofa a hankali, ki ɗauke numfashi, ki buɗe duk tagogi. Ɗauko tabarma ki kaɗa ƙasa, ƙasa, wajen ƙofar soro."

Ta yi duka, ba ta tambaya ba. Da iska ta yi kusan rabin sa'a tana ratsa ɗakin, ya ce ta ɗan buɗe tukunya kaɗan, ta dawo.

"Durƙusa," ya ce. "Ba kunne ba. Hanci. Shinshina."

Ta durƙusa a bakin ƙofa. Ya kawar da kai. Ta rarrafa kaɗan, ta tsaya a gaban kabad, ta buɗe, ta ja baya tana tari. Ya sa ta koma ta rufe tukunya, sannan ta fitar da tukwanen girki. Can ciki, a daidai inda bututu ya fito daga bango, jan ƙarfen ya koma kore. Gishirin dutsen teku ya yi shekara shida yana cin sa. Rabin juyin da ya ƙara wa noti ne ya murɗe shi ya tsage. Wuri ne da soso bai kai ba, kuma da Turai tana nan da haɓarta ta nuna shi kafin ya goge sufana.

Hajiya ta iso bakin ƙofa da rarrafe da dafa bango. Ta ga bututun, ta ga hannuwan Ubale, fatar ta yi fari ta tashi.

"Innalillahi. Ke ba ki ji warin nan ba tun yana nan?"

"Riha akwai, Ummi," in ji Zakiya, wato wari. "Tun da ya buɗe anbuba, tukunya, akwai. Na ce na canjin tiyo ne, na ce shi ma yana shaƙa, shi ne mu'allim. Ya ce kin ji, na sa kunne. Wallahi ba ƙara."

"Kin sa kunne! Shekara nawa ina ce miki ki riƙe harshen kakanninki? Kin ga inda rabin Hausa ya kai mu? Da yanzu an kwashe mu a tabarma, ga bawan Allah ya ƙone hannu saboda ke!"

Zakiya ta sunkuyar da kai. Ƙofa ce aka buɗe masa, fita kawai zai yi. Hajiya za ta ba da labarin a duk Balad, mu'allimin da ya kama wuta da hannu, da 'yar da ba ta jin Hausa.

"Hajiya, ba laifinta ba ne," ya ce da Hausa. "Bai kamata in tambaye ta ba. Mai gyaran gas ba ya tambayar masu gida. Ni ne ba na jin wari."

"Mura kake yi?"

"Shekara tara. Tun faɗuwar da na yi a tasha. Ko gas, ko turare, ko mushe, duk ɗaya ne a wurina."

Hajiya ta juyo wajensa.

"Shekara tara kana shiga gidajenmu da mataccen hanci?"

"Da hancin Turai nake shiga."

Ta dubi bakin ƙofa, inda 'yarta ta durƙusa ɗazu. Ta gane abin da durƙuson Turai yake nufi. Ta ce wa Zakiya ta sauka ta tsayar da tasi zuwa asibiti.

Kwana uku bayan haka Bawa ya kawo masa jakarsa, wadda mai gyaran agogo ya adana. Ya ajiye ta a tsakar gida, ya kasa zama.

"Magana ta zaga, mu'allim. Wasu na cewa jarumi, wasu na cewa a kai ka ƙara. Matar Abdulwahid mai gahawa ta sa an kwance duk bututun da ka ɗaura mata."

"Ta yi daidai. Ka faɗa wa duk gidan da na yi wa aiki a dutsen teku a duba inda bututu ya ratsa bango. A sa masa riga ta roba. Jakar kuma ka kai wa Mahmudu na Kurayyat, yana da hanci."

"In hannun ya warke fa?"

"Hannu ba shi ne ciwon ba."

Bawa ya ɗauki jakar, ya tsaya a ƙofa kamar zai yi wasa, ya fasa, ya tafi.

Bayan la'asar Hajiya Sharifa ta zo a tasi, Zakiya na riƙe da ita da hannu ɗaya, ɗaya hannun da kwanon abinci. Suka same shi zaune a ɗakin Turai, a ƙasa, hannuwansa a naɗe da farin bandeji a kan gwiwoyi. Komai yana inda ta bar shi: gado, akwatin zannuwa, abayarta a ƙusa. Taga a buɗe, don Ubale bai taɓa zama a ɗaki da rufaffiyar taga ba tun da ya fara wannan sana'a.

Hajiya ta sa ƙafa a ɗakin, ta ja numfashi.

"Allahu akbar, har yanzu ƙam..."

Ta tsaya. Zakiya ta ajiye kwano a hankali.

"Ƙarasa, Hajiya," in ji Ubale. "Kowa ya faɗa, ni ina gyaɗa kai. Yanzu tun da kin sani, faɗa mini me kike ji."

Ta zauna a bakin gado da ƙyar. Ta rufe ido.

"Humra. Irin ta Sudan, mai nauyi. Turaren wuta, sandal ne, ya kama labule." Ta jawo gefen abayar da ke rataye ta kai hanci. "Wannan kuma sabulu ne. Koren sabulun nan da kake kaɗawa a kwano. Duk jikin rigar shi ne."

"Ita ke riƙe kwanon."

"Akwai man kaɗe kaɗan a matashi. Shi ke nan."

"Da ƙarfi?"

Hajiya ba mai lallashi ba ce. "Ya fi ƙarfi ranar sadakar uku. Yana tafiya."

"Kwana nawa ya rage?"

"Ni na sani? Wata ɗaya. Ƙasa da haka, in iskar teku na shiga tana fita haka."

Ubale ya dubi tagar. Ya ɗaga hannuwansa, ya dubi bandejin, ya mayar da su kan gwiwa.

"Zakiya, 'yata," ya ce, yana rarrabe kalmomin don ta gane. "Rufe mini tagar nan."

Ta rufe, ta sa sakata. Suka zauna kaɗan, suka yi masa sallama, suka ja ƙofa.

Ɗakin ya yi duhu-duhu, zafi ya fara taruwa. Ya sauko da fuskarsa kusa da ƙasa, gefen akwatin zannuwa, ya rufe ido, ya ja numfashi har ƙirjinsa ya cika. Ya riƙe. Ya saki.

"Ban ji ba," ya ce.